Saƙa mai huda-huda: fara da ƙyallen wanka

Duk wanda ya ga saƙa mai huda-huda, wadda ke kama da leshi, sai ya ɗauka aikin gwanaye ce kaɗai. Yana da hujja. A tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotlan, mata sun daɗe suna saƙa gyale mai laushin da ake zura shi ta cikin zoben aure ya fita, haka ma a Orenburg ta ƙasar Rasha, inda suke amfani da gashin akuya. Amma dabarar da suke bi ba ta fi ƙarfin mai koyo ba, kuma ɗan ƙyallen wanka mai faɗin santimita 20 ya isa a koye ta.

Ƙaramin aiki ne da ake gamawa cikin yammaci biyu ko uku. In ya karkace ko wata huda ta fi 'yar'uwarta girma, zai wanke jiki dai, ba kamar rigar jariri ba wadda dole ta yi daidai.

Sai a kula wajen sayen zare. Yawancin ulun da ke kasuwa na roba ne, ba ya tsotse ruwa. Na auduga mai matsakaicin kauri za a nema, ƙwallo ɗaya mai nauyin giram 50 ya wadatar, kuma mai hasken launi ya fi, don ido ya riƙa ganin kowane zoben zare. Tsinken saƙa biyu ake buƙata, masu kaurin milimita 4.5 ko 5. Wadda ta saba da ulu za ta ji hannunta ya yi nauyi da farko, saboda audugar ba ta miƙewa. Kada ta matse zaren, abin zai sake.

Sirrin duka a motsi biyu yake. Na farko, a naɗa zare sau ɗaya a kan tsinken dama ba tare da an soka shi ko'ina ba. Wannan naɗin shi ke zama huda, kuma ya ƙara zobe ɗaya a layin. Na biyu, a soka tsinke cikin zobba biyu a saƙe su tare, sai ɗaya ya ragu. Kowace huda bashi ce, haɗa biyu kuwa shi ne biyanta. In aka ci bashi ba a biya ba, ƙyalle ya yi ta faɗi. In aka biya fiye da abin da aka ci, ya tsuke.

Akwai wani tsohon tsari da ya dogara a kan wannan lissafin, ana saƙa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. A ɗora zobba 4. A kowane layi a saƙa biyu, a naɗa zare, a saƙe sauran. Da gangan ake tara bashin nan har zobba su kai 44. Daga nan sai biya: a saƙa ɗaya, a haɗa biyu, a naɗa zare, a sake haɗa biyu, a ƙarasa layin. Kowane layi zai rage ɗaya, hudojin kuma su ci gaba da jeruwa a gefe, har a dawo 4 a rufe.

Mantuwa da naɗin zare ita ce kuskuren da ya fi yawa, shi ya sa nake ganin ƙirga zobba a ƙarshen kowane layi bai kamata a yi masa ƙyuya ba. Wata dabara kuma: bayan 'yan layuka, a zura wani siririn zare mai launi daban cikin dukkan zobban da ke kan tsinke. In an ɓata, a warware zuwa wurinsa, ba abin da zai zube.

Da an gama, a jiƙa ƙyallen, a shimfiɗa a miƙe gefunansa ya bushe, a nan hudojin ke buɗewa su fito sarai. Bayan kowane wanka kuma a ɗauraye a shanya shi inda iska ke kaɗawa, don auduga tana riƙe danshi, in an bar ta a dunƙule sai ta yi wari.