Yaron Tela da Ɗalibin Tiyata

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah Kasuwar Barci da ke Tudun Wada ya san yaron nan na bakin shago. Watanninsa na farko ko almakashi ba ya taɓawa. Aikinsa shara, guga, sa maɓalli da zuwa sayo zare. In ya kwana biyu, sai a miƙa masa ragowar ƙyalle ya koyi taka keke har layinsa ya miƙe. Awo da yanka kuwa sai maigida, domin shadda in aka yi mata yankan kuskure, ba ta komawa yadda take.

Wannan yaro nake tunawa duk lokacin da na ga samari da 'yan mata cikin farar riga suna bin bayan babban likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda dattawan Kaduna har yau suke kira Nursing Home. Ɗaliban likitanci ne na Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Karatunsu shekara shida ne. Na farko-farko a aji da ɗakin gwaji suke yin su, sai wajen shekara ta huɗu a kawo su gaban marar lafiya, su riƙa zagaya sassa: na yara, na mata da haihuwa, na cututtukan manya, da na tiyata.

A sashen tiyata ne kamanninsu da yaron tela suka fi fitowa. Ɗalibi ya zo da ɗokin riƙe wuƙa, sai a nuna masa famfo. Zai wanke hannu har gwiwar hannu na mintuna, ya ɗaga su sama kada ruwa ya gangaro kan yatsu, a sa masa riga da safar hannu. In ya kuskura ya sosa hanci, nas za ta mai da shi ya sake daga farko, kuma ta yi daidai. Sannan a ba shi wani ƙarfe mai lanƙwasa ya ja gefen yanka, don likita ya ga abin da yake yi. Yana iya yin awa biyu a tsaye, kafaɗa na zogi, ba ya cewa uffan sai an tambaye shi sunan jijiyar da ke gabansa. Wannan ita ce gugarsa da sa maɓallinsa. A nan yake ganin yadda ake ƙirga auduga da kayan aiki kafin a rufe ciki, don kada a manta ko guda a jikin mutum. In ya koma ɗaki, ya ɗaura zare a ƙafar kujera yana koyon ƙulli har yatsu su saba, ya yi ta ɗinke soso kamar yadda yaron tela ke ɗinke ƙyalle.

Amma a ganina babban darasin yana wajen awo. Tela nagari tun daga tef ake gane shi. Haka ɗalibi ke zama gefen gado ya tambayi mutum: yaushe ciwon ya fara, ina ya fara, ya koma ina, ka yi amai? Ya ɗora hannu a ciki a hankali, ya rubuta komai, gobe da safe ya karanta a gaban malaminsa yayin zagayen marasa lafiya. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, a nan ake koyon zargin afendis. A nan kuma ake koyon abin da ya fi yanka wuya, wato gane wanda bai kamata a yanka ba.

Akwai inda kwatancen ya tsaya. Shadda in ta lalace ana biyan mai ita, kuma ba ta jin kunya. Mutum kuwa yana da mutunci, yana da ikon ya ce a'a. Wajibi ne ɗalibi ya yi sallama, ya faɗi cewa shi ɗalibi ne, ya nemi izini, a ja labule. Shi ya sa ma hanyar ke da tsawo: bayan shekara shida sai shekara guda ta aiki ƙarƙashin kulawar manya kafin a samu cikakken lasisi, wanda kuma ke son zama gwanin tiyata sai ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida.

Na taɓa jinyar wata gwaggona a wani asibiti, ɗalibai suka zo, ta juya musu baya ta ce, "Ni ba za a koyi aiki a kaina ba." Ban ga laifinta ba, tsoro ne. Na dai ce mata, "Gwaggo, likitan da kike jira, shi ma a gefen gadon wata ya koya." Dakta Barau Dikko kansa, ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa, sai da ya tsaya haka a gefen gadon mutanen Birmingham a Ingila.

Manyan likitoci ma ina da magana da su. Akwai maigidan da zai bar yaro shekara uku yana aike, bai taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake fitar da wuyan riga ba. Na san aiki ya yi muku yawa, abokan aikinku da dama sun tafi Ingila da Saudiyya. Duk da haka, ɗalibin da aka tsayar a bayan ɗaki yana kallon ƙeyar mutane, ko aka yi masa tsawa a gaban majinyaci, tsoro kawai zai koya. Ku matso da shi kusa da fitila, ku faɗa masa dalilin kowane ɗinki.

Ku kuma 'yan'uwa, in ɗalibi ya zo da ladabi, malaminsa na kusa, ku ba shi minti goma ku amsa masa tambayoyinsa.