Ina Rumbunan Babban Giji da Ɗakunan Tantabarunsa?

Duk wanda ya biyo titin Zariya a yau, ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya faɗa Babban Giji, ba abin da zai gani sai bulo da kwano da layin shaguna. Amma dattawan Tarauni sun san lokacin da wannan yanki yake bayan gari, can nesa da badala, ana noman dawa da gero da gyaɗa. Gidan manomi a wancan zamani ba ya rasa rumbu ko rufewa, sannan a ƙuryar gida akwai ɗakin tantabaru: ginin ƙasa ne da akan binne tsofaffin tukwane a bangonsa, kowace tukunya mazaunin mace da namiji.

Ba don ado ake wannan gini ba. 'Yan shila abincin mai jego ne da maras lafiya, kashin tantabara kuwa taki ne mai ƙarfi da masu lambu ba sa wasa da shi. Tsuntsuwar ta yi kiwo a gona, ta dawo wa gonar da taki. Ga kuma magina da suka san yadda ake ɗora tubali, a jera azara, a shafe bango da makuba don ruwan damina ya zame. Siminti ya kori wannan sana'a, yaranmu ko sunan kayan aikin ba su sani ba.

Faransawa ma suna da irin waɗannan ɗakuna, wasu dogaye kamar hasumiya. A yankuna da dama iyayen ƙasa ne kaɗai ke da ikon gina su, tantabarunsu na cinye shukar talaka, har sai da juyin juya hali na 1789 ya soke wannan gata. Duk da wannan tarihi mai ɗaci, ba su bar ginin ya rushe ba. A 1996 suka kafa gidauniya ta musamman don ƙananan gine-ginen karkara da ba sa cikin jerin manyan wuraren tarihi, mai gidan da ya gyara nasa kuma ana rage masa haraji.

Mu a Kano mun riƙe Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, kuma mun kyauta. Sai dai duk gidajen manya ne. Na manomi, wanda hatsinsa ya ciyar da birnin, babu mai lissafa shi a cikin kayan tarihi.

Na Babban Giji dai sun tafi, kuma ba mai hankalin da zai ce a rushe shago a maido da rumbu. Amma a ƙauyukan Kumbotso da Dawakin Kudu da Warawa har yanzu akwai saura, masu yanka filaye kuwa sun kusa isa. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta haɗa kai da sashen nazarin zanen gine-gine na Jami'ar Bayero, a tura ɗalibai su auna, su ɗauki hoto, su naɗi bayanin tsofaffin magina tun suna raye, a kuma zaɓi gida ko da ɗaya ne a biya mai shi kuɗin yaɓe duk shekara kafin faɗuwar damina.