Yaushe Ya Kamata Mu Kai Jariri Wurin Likita?

'Yan'uwa, sau da yawa uwa takan zo wurinmu da jariri a goye, ta ce, "Fasto, sa'o'insa duk suna zama, shi har yanzu." Mukan yi addu'a tare da ita, sa'an nan mu tambaya ko an kai shi asibiti.

Gaskiya ne kowane yaro da lokacinsa. Wani yakan fara tafiya a wata 10, wani sai wata 15. Amma jira yana da iyaka. Mu nemi likita idan jariri ya kai wata 3 ba ya murmushi, ko babbar ƙara ba ta firgita shi. Wata 4 wuyansa bai tsaya ba. Wata 9 ba ya zama da kansa. Wata 18 ba tafiya, ko ba kalma ko ɗaya. Bakwaini kuwa, a ƙirga watanninsa daga ranar da ya kamata a haife shi.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Na fari, idanun jariri su yi rawaya a makon farko, gama shawara mai tsanani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Na biyu, yaro ya daina yin abin da ya riga ya iya.

Kada mu yi saurin zargin maita, ko mu ɗora wa uwa laifi. Ranar allurar rigakafi, mu tafi da katin awo, mu gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da muka lura. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka ma likita ne.