Daga Askar Riga Zuwa Alƙibla: Ina Awon Da Muka Gada?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani ɗan masallaci da na gani a ƙasar Gwiwa. Wani attajiri ya gina shi, Allah Ya saka masa da alheri. Ran buɗewa ya zo sanye da riga mai aska takwas da tambari, wadda ko zare ɗaya bai kauce wa layinsa ba. Amma da na tambayi magini yadda ya fitar da alƙibla, sai ya ce ya dubi inda rana ta fito ne ran da aka haƙa harsashi, ya ja igiya.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a da awon riga da awon sama duk a zaure ɗaya ake koyonsu. Sau da yawa malami ko almajirinsa ne ke zana askar a jikin yadi da alƙalami da tawada kafin mai ɗinki ya sa allura. Hannun nan ne kuma ke yi wa allo zayyana ran saukar Alƙur'ani. Shi ne manomi ke tambaya ko wane tauraro ake ciki, ya lissafa masa manziloli 28, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. Har wanda bai yi karatu ba ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya.

Manyanmu ma ba su raina wannan fanni ba. Shaihu Muhammadu Al-Katsinawi ya yi fice a hisabi har Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya ba Baturen nan Kilafatan taswirar ƙasashen nan a Sakkwato a 1824, aka buga ta a Landan bayan shekara biyu. Kada dai a haɗa wannan da duba. Mai cewa tauraro ya nuna masa ranar arziki ko ranar mutuwa maƙaryaci ne, shari'a ta hana zuwa wurinsa. Sanin lokaci da jiha da taurari dabam ne, Suratun Nahli ma ta ambace shi cikin ni'imomin Allah.

To, ga inda kuskuren yake. Mu Hausawa mun saba kiran alƙibla gabas, har muka ɗauka abu ɗaya ne. Wanda ya duba taswira zai ga Makka ta fi mu kusa da arewa. Daga Gwiwa, Roni, Kazaure ko Ɓaɓura, alƙibla tana karkata daga gabas sosai zuwa arewa da kimanin daraja 20, watau digiri. Rana kuma ba wuri ɗaya take fitowa ba. A watan Yuni tana fitowa wajen daraja 24 arewa da gabas, a Disamba kuwa daraja 24 kudu da ita. Ke nan wanda ya ja igiyarsa da hunturu, lokacin da aka fi yin gini, yana iya barin Ka'aba da daraja 40 ko fiye.

Ban ce sallar da aka yi ta ɓaci ba. A mazhabar Malikiyya wanda ke nesa da Makka jiha aka wajabta masa bisa ijtihadi, kuma karkata kaɗan an yafe ta. Amma ijtihadi yana bukatar dalili, ba cinke ba. Mutumin da zai mayar wa tela riga don aska ɗaya ta karkace, yaya zai yarda a kafa mihirabin da za a yi shekara da shekaru ana fuskanta ba tare da awo ba?

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: ran 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ran 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A daidai wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Sai a kafa sanda a daidaitaccen wuri, a tabbatar ta miƙe ta hanyar rataya dutse da zare kusa da ita, a ja layi daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sandar. Inda layin ya nufa, nan ce alƙibla. Na fi son a yi a Mayu, gama a Yuli hadari yakan rufe rana.

Ma'aikatan ƙaramar hukuma masu auna filaye suna da kayan aiki, wayoyin hannu ma suna nuna jiha, ko da yake ƙarfe yana ruɗa su idan yana kusa. Masallacin da aka tarar ya karkace kuwa ba sai an rushe shi ba, sahu kawai za a gyara.