Kafin a Miƙa Murhun Gawayi ga 'Yan Gwangwan

Sai Babbar Sallah ta ƙarato yawancin gidaje ke tunawa da murhun gashi. A jawo shi daga bayan ɗaki, a tarar gindinsa ya ɓurme, ƙafa ɗaya tana rawa, wayar ɗora nama ta yi jawur da tsatsa. Nan take a ce wuta ta cinye shi. Wuta tana da nata laifin, amma babbar mai ɓarnar toka ce. Muddin tana bushe da sauƙi. Da ta sha raɓa ko ruwan damina sai ta lafe a jikin ƙarfe, ta riƙe danshi wata da watanni tana cin sa. Masu kwara wa garwashi ruwa a cikin murhu bayan an gama gashi, su ne suka fi saurin kashe kayansu.

Saboda haka ɓarnar takan tsaya a ƙasa, inda toka ke kwana, jikin kuwa da sauransa. A zazzage tokar, a kankare tsatsa, sannan a bi ƙarfen da 'yar guduma. Inda ya amsa da ƙara tangaran, lafiyarsa lau. Inda ya marmashe, ko aka ɗaga shi aka hango rana ta cikinsa, wajen ya mutu, faci ba zai riƙe ba sai an yanke shi.

Aikin mai walda kaɗan ne: ya yanke ruɓaɓɓen gindin, ya sa ƙarfe mai kauri, ya ɗaure ƙafar. Abin da za a tsaya a kansa shi ne kada ya toshe ƙasan ruf. Gawayi da iskar da ke shigowa ta ƙasa yake ci, murhun da ba shi da ƙofofi kuwa sai an wuni ana fifita. Ni a ganina ya fi kyau a yanka guntayen rodi a jera su, tsakaninsu kamar faɗin ɗan yatsa, a haɗa su su zama raga mai ciruwa. Toka ta zube ƙasa, in ragar ta gaji a sauya ta ita kaɗai.

Wanda ke son gyaran ya daɗe sai ya yi wa cikin murhun yaɓe. A kwaɓa yumɓu da yashi da ɗan buntun shinkafa, a shafe bangon ciki da kaurin yatsa biyu, a bar shi ya bushe a inuwa na wasu kwanaki, sannan a fara da 'yar wuta kaɗan don kada ya tsattsage. Yumɓun yana kare ƙarfe, yana kuma tsare zafi, gawayi ya yi auki. Dabarar da aka gina murhun jiko na Kenya a kanta ke nan tun shekarun 1980. Siminti dai ba ya wannan aiki, fashewa yake yi in ya ji wuta.

Inda ake yin ganganci shi ne wajen zaɓen ƙarfe. Kwanon rufi yana da araha, amma abin da aka lulluɓe shi da shi don hana tsatsa yakan tashi ya zama hayaƙi in zafi ya yi yawa, mai shaƙarsa ya kwana da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ragar tsohon firji ma ba ta gashi ba ce, galibi akwai roba ko wani shafe a jikinta. Duron da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari kuwa, ko yanka shi haɗari ne, balle a gasa abin ci a ciki. Fenti kuma iyakarsa waje.

Wayar nama, in ba ta tsinke ba, a goge ta da sanfefa, a wanke, a shafa mata man gyaɗa, a ɗora a wuta har ta yi baƙi. In an yi amfani da burushin ƙarfe a duba da kyau, don silinsa kan karye ya maƙale a nama.

Gwajin farko a tsakar gida za a yi shi, haka ma duk wani gashi bayansa. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma a rufaffen ɗaki tana iya kashe mutum yana barci, ko da babu hayaƙin da ido ke gani.