Allo ya ce batir a cike yake, fanka ta tsaya da tsakar dare: kuskuren da ke ɓoye a cikin Arduino

A gidanmu da ke Maradi, batirin hasken rana guda ɗaya ne ke riƙe da fitilu uku, fanka da cajin salula duk daren da babu wuta. Yayanmu da ke aiki a Aljeriya ne ya turo kuɗinsa, bayan da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023. Shi ya sa da ƙanena, wanda ke karatun lantarki, ya haɗa wata ƴar na'ura mai nuna ƙarfin batirin, kowa ya yi murna. Sai dai mako biyu a jere, da magariba allon na'urar kan nuna bolt 12.8, wato batir a cike, amma kafin ƙarfe biyun dare fanka ta tsaya, fitilu sun dushe.

Na'urar da ya yi amfani da ita Arduino Uno ce, wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa da aka fara ƙera danginsa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai. Matasa da dama na haɗa irinta su auna batir, danshin ƙasar garka ko zafin ɗakin kaji. Duk waɗannan ayyuka sun dogara ne ga wani sashe da ake kira ADC, waɗanda suka yi karatu da Faransanci kuma suka san shi da CAN. Aikinsa shi ne ya karɓi ƙarfin lantarki ya mayar da shi lamba. Idan lambar ta fito ba daidai ba, na'urar ba ta yin gargaɗi, tana nuna ta ne kamar gaskiya.

Ma'aunin da ya rage tsawo

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya fara gano bakin zaren. Bai taɓa rubuta manhaja ba, amma ya ɗauko mitarsa ta awon lantarki ya ɗora kan batirin, ta nuna bolt 12.0. Ya sake ɗora ta kan ƙafar Arduino mai alamar 5V, ta nuna 4.7.

Ga yadda abin yake. ADC na Arduino Uno yana raba awonsa zuwa matakai 1024, daga 0 zuwa 1023, kuma idan ba a canza masa tsari ba, wutar da ke ciyar da allon ita ce ma'auninsa. Manhajar ƙanena ta ɗauka ma'aunin bolt 5 ne cif, alhali cajar salula mai araha da ya jona tana ba da 4.7. Tamkar tela ne da awonsa ya rage tsawo: duk yadin da ya auna zai ga ya fi yadda yake.

Lissafin ba shi da wuya. Ba a jona batirin bolt 12 kai tsaye da ƙafar awo ta Arduino, don zai ƙone shi. Ƙanena ya sa rezistans biyu, ɗaya mai kilo-om 30, ɗaya mai 10, waɗanda ke rage ƙarfin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Bolt 12.0 ya koma 3.0 ke nan. Da ma'aunin 5 ne, da ADC ya ba da lamba 614. Da yake 4.7 ne, sai ya ba da 653, manhajar kuma ta fassara ta zuwa kusan bolt 12.8.

Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Batirin dalma na bolt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna tsakanin 12.6 da 12.8, idan ya sauko wajen 12.0 kuwa rabinsa ko fiye ya tafi. Irin wannan batir idan ana yawan zuƙe shi ba ya samun cika, yakan mutu tun lokacinsa bai yi ba. A wajenmu, ƙurar hunturu ce ta rufe panon da ke kan rufi, batir ba ya cika da rana, allon kuma yana ɓoye mana hakan.

Lamba mai rawa

Kafin wannan ma, ƙanena ya sha fama da lambar da ke tsalle ba dalili. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka, kuma ana iya duba su cikin ƴan mintuna.

Na farko shi ne mas. Dole a haɗa ɓangaren batir mai alamar ragi da ƙafar GND ta Arduino, domin awon lantarki kwatanci ne tsakanin wurare biyu. Na biyu, ƙafar da ba a jona da komai ba takan ɗauki duk hayaniyar lantarkin da ke kusa, don haka wayar da ta saki a kan allon gwaji tana iya ba da lambobi barkatai. Na uku, girman rezistans. Takardar bayanin ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin Uno, ta ce ADC ɗin ya fi aiki daidai idan turjiyar abin da ake aunawa ba ta wuce kilo-om 10 ba. Wanda ya sa manyan rezistans don tattalin batir, sai ya ƙara ƙaramar kondansa mai nanofarad 100 tsakanin ƙafar awo da mas.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A jona ƙafar awo da GND, ya kamata a ga 0 ko kusa da haka. A jona ta da 5V, ya kamata a ga 1023. Idan waɗannan biyun sun fito daidai, ADC lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin wayoyi ko lissafi.

Sabuwar na'ura, sabon ciwon kai

Don ya rabu da matsalar caja, ƙanena ya nemo ADS1115, wani ADC na daban da kamfanin Texas Instruments ke ƙerawa. Yana da ma'auninsa a cikinsa, don haka raguwar wutar caja ba ta ruɗa shi kamar yadda take ruɗa Uno. Yana magana da Arduino ta wayoyi biyu, SDA da SCL, waɗanda a kan Uno suke ƙafa A4 da A5.

Ranar farko ko motsi bai yi ba. Ashe wayoyin biyu ya juya. Wani abin da kan jawo irin wannan shiru shi ne adireshi: idan ƙafar ADDR tana jone da GND adireshin 0x48 ne, idan tana jone da wutar ciyarwa kuma 0x49. Manhajar da ke kiran adireshin da ba shi ba ba za ta samu amsa ba.

Da ya gyara wannan, sai allon ya nuna batirin yana da bolt 18. A nan kuskuren na lissafi ne. ADS1115 yana da zangon awo daban-daban. A zangon bolt 4.096 kowane mataki milibolt 0.125 ne, a zangon 6.144 kuma 0.1875. Shi ya zaɓi na farko, ya ninka da lambar na biyu da ya kwafo daga intanet. Akwai kuma tarko a nan: zangon 6.144 ba ya nufin za a iya zuba masa bolt 6. Abin da ke shiga ƙafarsa bai kamata ya wuce wutar da ke ciyar da shi da fiye da bolt 0.3 ba.

Ga masu son tura awo ta intanet

Masu son ƴan uwa da ke waje su riƙa ganin halin batirin gida a salularsu sukan koma ga ESP32, allon kamfanin Espressif na ƙasar Sin mai ɗauke da Wi-Fi. Shi ma yana da nasa sharuɗɗa. Da bolt 3.3 yake aiki, don haka rabon kashi huɗu da ya wadatar a Uno ba ya isa: batir a kan caji yana iya kaiwa 14.4, kashi ɗaya cikin huɗunsa kuwa 3.6 ne, ya haura iyaka. Sa'annan a ESP32 na asali, ƙafafun rukunin ADC2 ba sa awo muddin Wi-Fi na kunne. Na rukunin ADC1, daga GPIO 32 zuwa 39, su ake amfani da su. Awonsa kuma yakan karkace a can ƙasa da can sama, shi ya sa da yawa ke haɗa masa ADS1115.

Yanzu dai mun wanke panon, muna kuma goge shi duk bayan ƴan kwanaki, fanka na kaiwa asuba. Ko kwana nawa waɗancan makonni biyu suka rage wa batirin, lokaci ne zai nuna. Ƙanena ya sayi mita tasa ta kansa, kuma duk ranar Juma'a yakan auna batirin da ita, sau ɗaya da rana tsaka, sau ɗaya da magariba, ya kwatanta da abin da allon ke nunawa. Yayanmu ma ya daina karɓar hoton allon shi kaɗai a WhatsApp. Sai an tura masa da hoton mitar a gefe.