Me ke sa ganyen tomati ya yi rawaya?

Ƴan'uwa masu noman rani, in ganyen tomati ya fara rawaya a garka, kada mu yi gaggawar sayen maganin feshi. Rawaya alama ce kawai, dalilanta kuwa suna da yawa. Mu tsaya mu duba: waɗanne ganye ne suka fara?

In tsofaffin ganye na ƙasa ne, shukar kuma ba ta girma, to yunwa ce. Shuka tana janye abinci daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Wannan ya fi faruwa a ƙasa mai rairayi, inda ruwa ke wanke taki. Mu zuba takin gida da ya ruɓe sosai, ko ɗan farin takin zamani nesa da gindi, sannan mu yi ban ruwa.

Amma kafin taki, mu tura yatsa cikin ƙasa. In ta yi caɓi, saiwa ce ta rasa iska. Da yawa daga cikinmu, da ganin rawaya sai su ƙara ruwa, alhali ruwan ne ya kawo ta. Mu rage, mu buɗe masa hanyar fita.

In shuka tana yaushi da rana ko da ƙasa tana da laima, mu tuge guda ɗaya mu dubi saiwa. In ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Feshin ganye ba ya taɓa su. Baɗi kada mu mayar da tomati, yalo ko kuɓewa a wannan fangali; mu sa gero ko dawa.

Mafi muni ita ce rawayar sababbin ganye na sama, in sun ƙanƙance sun nannaɗe, fure kuma yana zuba. Wannan cuta ce da wani ɗan ƙaramin farin ƙuda ke yaɗawa. Mu girgiza shukar, za mu ga sun tashi daga bayan ganye. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, ko taki ko magani. Tuge ta yana da ciwo, amma barinta ya fi tsada, don daga gare ta ƙudan ke ɗauka ya kai wa sauran. Mu fitar da ita daga garka, mu binne, sannan mu nemi malamin gona ya duba wurin renon iri.